Kifayena na ado suna ci amma suna mutuwa, mine ne laifin abincin?

Tambaya daga wata ƴar uwa a unguwar Bukoki, Yamai: Malam ina da akwariyom, wato akwatin gilashi na kifi, na lita 60, akwai kifayen gupi da moli a ciki da ɗan fuleko guda mai lasar gilashi. Ina ba su abinci sau uku ko huɗu a wuni, yara ma kan jefa musu burodi. Tunda zafi ya shigo ruwan ya koma fari-fari, kifayen suna hawowa sama suna buɗe baki, wasu sun mutu. Abincin ne ba shi da kyau in canza wani?

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri. Kafin ki kashe kuɗi wajen sayen wani buwatin abinci, ki rage hannu tukuna, don abin da kika faɗa ɗin nan alamar yawan abinci ne. Kifin akwariyom kullum kamar mai yunwa yake, da ya ga inuwar mutum sai ya taso, shi ke sa ake ta zuba mishi. Sau ɗaya ko biyu a wuni ya isa, kuma ki zuba iya abin da za su cinye tas cikin minti 2. In kin ga ɓarɓashi ya sauka ya kwanta tsakanin tsakuwa, to ya yi yawa, gobe ki rage rabi.

Ga abin da ke faruwa a cikin ruwan. Ragowar abinci da kashin kifi suna ruɓewa su zama amoniya, ita kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune cikin soson filta, wato abin tace ruwan, su ke juya amoniya ta koma nitirit, daga nan nitirat wanda bai kai su illa ba, amma in dattin ya fi ƙarfinsu sai gubar ta taru ruwa ya yi farin nan da kika gani. Sannan ga zafinmu, waɗannan kifaye sun fi son ruwa tsakanin digiri 24 da 28, mu kuwa a Afrilu da Mayu waje na wuce 40, ruwan cikin ɗaki ma sai ya haura 30, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar oksijin da ke cikinshi raguwa take, ga ruɓar abinci na cinye ɗan abin da ya saura. Shi ya sa suke hawowa sama suna haki. Don haka yanzu ki tsaida abinci kwana 2 cur, ba abin da zai same su, ki zuƙe dattin ƙasa da tiyo, ki canza kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Ruwan famfo akwai kulorin a ciki, a sa mishi maganin kashe kulorin ko ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin a zuba. Ranar da aka ɗauke wuta filta ta tsaya kuwa, kada a ba su komai sai ta dawo.

Burodin nan a hana yara don Allah, kumbura yake a ruwa ya dagula shi kuma ba abin da kifin ke samu a ciki. Ni shawarata a ɗora ma yaro guda aikin ba su abinci, ki auna mishi na ranar a murfin kwalba, buwatin ki ɓoye.

Sai maganar mi za su ci, don ba duka bakinsu ɗaya ba. Gupi asalinshi arewacin Kudancin Amurka ne, wajajen Benezuwela da Tirinidad, yana cin ƙananan ƙwari da ganye duka, abincin ɓarɓashi irin su TetraMin ko Sera ya wadatar da shi a matsayin na kullum. Moli ta fi shi son tsiro, ki nemi abincin da aka rubuta spirulina a jiki, wata irin gansakukar ruwa ce. Fuleko ne ake zalunta sosai, ana cewa wai datti yake ci. Ba ya cin kashi, gansakuka yake kankara, in ta ƙare yunwa yake kwana da ita. Ki yanka mishi kokombur ko kabewa siriri, ki tsoma a ruwan zafi minti guda ya yi laushi, ki danne da ƙaramin cokali ya nutse, da dare bayan an kashe fitila don lokacin yake fitowa. Da safe za ki tarar ya rarake tsakiyar ya bar ɓawon, sai ki cire ragowar. Kuma ki san wani irin fulekon yana kai santimita 30 ko fiye, lita 60 zai mishi kaɗan nan gaba. Salati ko alayyafo da aka ɗan turara shi ma moli na so.

Tsutsar sauro abinci ce mai kyau ƙwarai ga gupi, in kin gani a randa ko wani bido ki kwashe da rariya ki ɗauraye ki ba su, amma fa kar a ajiye ruwa da gangan don kiwonta, zazzaɓin da ke garin nan ya ishe mu. Abincin tarwaɗa na masu kiwo kuma ban so, maiƙonshi ya yi yawa, an yi shi ne don kifi ya yi ƙiba da wuri a sayar.

Wajen saye ki ɗauki ƙaramin buwati, ki duba ranar lalacewa, ki guji wanda ya sha rana a tebur ko wanda aka ƙulla a leda ba suna. Bitamin C da ke cikin abincin na saurin tafiya da zarar an buɗe, balle a zafi, to ki rufe da kyau ki sa a firigo, in ya wuce wata 6 da buɗewa ki sake sabo. Lokacin ɗari, Disamba da Janairu, in ba ki da abin ɗumama ruwa za ki ga cinsu ya ragu, ke ma sai ki rage. In tafiya ta kama ta kwana 4 ko 5, manyan kifaye masu lafiya za su jure ba ci, ƴan jarirai ne kawai ke bukatar kaɗan-kaɗan sau uku a wuni, su sai a bar ma wani awonsu a ƙulle, kowace rana da nata.