Ga ƙanina da oga ke zagi a gaban kwastomomi

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ce kana aikin akawu a wani shagon kayan gini a Sabon Gari, oga yana zaginka a gaban kwastomomi har ya fara taɓa iyaye, ƙarshen wata kuma ya zaftare albashi da sunan latti ko ɓatan kaya. Kana tambaya ka ajiye aikin ko ka ci gaba da haƙuri.

Na daɗe a ƙarƙashin irin wannan mutumin a wani kamfani a nan Zariya, ba sai na kama suna ba. Masu faɗa iri biyu ne. Akwai mai zafin rai, wanda har ɗan cikinsa bai tsira ba, amma kafin la'asar ya manta, kuma haƙƙinka ba ya ciwon kai. Da wannan ana iya zama. Akwai kuma mai zaɓen wanda zai wulaƙanta, sai ya ga jama'a sun taru yake ɗaga murya, ba ya kuma taɓa yaron da ke da mai tsaya masa. Tunda naka ya haɗa zagi da cin gumi, na biyun ne, kuma shirunka ƙara masa ƙarfi yake yi. Shawarata ka fara shirin tafiya, amma kai za ka zaɓi ranar, kada fushi ya zaɓar maka.

Kafin nan, kada ka rama a bainar jama'a. Abin da yake jira ke nan, ya ce yaron ba shi da kunya, ya kore ka ya riƙe kuɗin watan. Ka same shi shi kaɗai, bayan sallar azahar misali, ka ce: "Alhaji, in na yi kuskure a gyara mini, amma don Allah a bar iyayena." Sau ɗaya ya isa. In bai daina ba, ka koma wurin wanda ya kai ka aikin, don a garin nan da wuya a ba mutum amanar shago ba wanda ya tsaya masa. Ko limamin masallacinsu, ko dattawan ƙungiyar 'yan kasuwa. Namu ogan bai taɓa jin maganarmu ba, amma da wani amininsa ya yi masa magana ya sassauta na ɗan lokaci.

Ka kuma fara rubutu. Duk abin da aka cire, ka sa rana da adadi da dalilin da ya bayar, ka ajiye littafin a gida. In zai yiwu a riƙa tura albashin ta banki, alat shaida ce. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da farawa, ta hana cin sa tara daga albashi, ko asara ya jawo da sakaci sai da amincewar jami'in ƙwadago za a cire. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana sauraron irin wannan kyauta, akwai kuma Kotun Ma'aikata a Kaduna. Gaskiya dai, a kan albashin shago, kuɗin lauya da na mota zuwa Kaduna na iya cinye abin da kake bi. Amma oga yana canza murya in ya gane kana da lissafi a rubuce.

In ka samu wani wurin, ka ba da notis a rubuce: mako 1 in ka wuce wata 3 amma ba ka kai shekara 2 ba, mako 2 daga nan zuwa shekara 5, wata guda in ka kai 5.

Abin da na fi ji maka shi ne ranar fita. Kuɗi da kaya suna bi ta hannunka, kuma irinsu in suka ga yaro zai kuɓuce, sharrin sata suke yi masa su kira 'yan sanda. Na ga an yi wa abokin aikina, sai da ya kwana a ofishinsu. Kada ka miƙa makulli sai an ƙirga siminti da kwano da rodi a gaban wanda ya kai ka, an duba littafi, oga ya sa hannu cewa ba ya bin ka komai, ka ɗauki hoton takardar a wayarka.