Tsohon ɗan wasanmu ko baƙo, wa ya kamata a ba aikin koci?

Tambaya: Salam Malam, don Allah ina da tambaya. Kulob ɗin da nake goyon baya sun sallami koci, yanzu mu magoya baya mun rabu gida biyu. Wasu sun ce lallai sai a ɗauko tsohon ɗan wasanmu wanda ya san al'adar kulob ɗin, wasu kuma sun ce a nemo duk wanda zai ciyo kofi ko daga ina yake. Wai shin al'adar kulob tana da wani tasiri wajen zaɓen koci, ko dai zancen baki ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Al'ada tana da tasiri, amma fa ba ta yadda ɓangaren farko suke nufi ba. Kasancewar mutum ya taɓa saka rigar kulob yana cin ƙwallaye ba shi ke nuna ya iya koyarwa ba, abin da hakan zai saya masa kawai shi ne haƙurin magoya baya na 'yan watanni, daga nan sai sakamako ya yi magana.

Duk lokacin da aka yi wannan musu sai ka ji an kawo Guardiola, to bari mu duba abin da ya faru da gaske. A 2008 Barcelona suna da zaɓi tsakanin Mourinho, wanda ya riga ya ci kofin Zakarun Turai da Porto a 2004 ya kuma ci Firimiya biyu da Chelsea, da kuma tsohon ɗan wasansu Guardiola wanda kaka ɗaya tak ya yi yana horar da ƙaramar ƙungiyar kulob ɗin a ƙaramin rukuni. Suka ɗauki Guardiola. Wasansa na farko a La Liga ma Numancia ta doke shi 1-0, na biyu ya yi kunnen doki da Racing Santander, amma a ƙarshen kakar sai ga shi da La Liga da Copa del Rey da Zakarun Turai. Mutane sai su ce ai ka gani, ɗan gida ne. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne tun zamanin Cruyff, wanda ya riƙe kulob ɗin daga 1988 zuwa 1996, aka shimfiɗa salon wasa ɗaya tun daga yaran La Masia, wato makarantar horar da yara ta kulob ɗin, har zuwa manya, don haka lokacin da Guardiola ya zo ya tarar da Xavi da Iniesta da Messi da Puyol duk sun tashi a kan abin da yake so ya koyar, ya kuma jawo Busquets da Pedro da ya sani a ƙasa, ya rabu da Ronaldinho da Deco. Wato al'adar tana cikin ƙafafun 'yan wasan. Wannan ita ce al'adar da nake cewa tana da nauyi. Kuma shi kansa mutumin gwani ne, ya je Bayern ya je Manchester City inda bai taɓa taka leda ba ya ci gaba da kwasar kofuna.

Yanzu dubi waɗanda suka kwaikwayi abin ba tare da wancan tushe ba. Juventus a 2020 sun kori Sarri bayan ya ci Serie A, suka ba tsohon ɗan wasansu Pirlo wanda bai taɓa jagorantar wasa ko ɗaya a matsayin koci ba, suka ƙare na huɗu, jerin kofi tara da suka ci a jere ya yanke a nan. Chelsea sun ba tsohon ɗan wasansu Lampard a 2019, kuma a yi masa adalci ya yi ƙoƙari a kakar farko lokacin da aka hana su sayen 'yan wasa, ya fito da Mount da Reece James da Abraham, amma a Janairun 2021 aka sallame shi, Tuchel ya karɓi 'yan wasan nan dai, cikin wata huɗu ya doke City a wasan ƙarshe na Zakarun Turai. Solskjaer kuma ya dawo Manchester United riƙon ƙwarya a Disambar 2018, ya yi ta cin wasa, zumuɗi ya ɗebi shugabanni suka ba shi na dindindin a Maris, ya tafi a Nuwambar 2021 ba kofi. Eh, akwai Zidane da Zakarun Turai uku a jere a Real Madrid, akwai Simeone da ke Atletico tun Disambar 2011 ya ci La Liga a 2014 da 2021, ba na musun wannan. Abin da nake cewa shi ne idan ka jera tsoffin 'yan wasan da suka dawo gida a matsayin koci za ka samu masu nasara da masu faɗuwa, kamar dai sauran mutane, rigar ba ta tabbatar da komai.

Sannan fa abin da kuke kira al'ada yau, jiya wani baƙo ne ya kawo shi. Kafin 1996 an san Arsenal ne da tsare gida da cin 1-0 tun zamanin George Graham, sai ga wani Bafaranshe mai suna Wenger daga Nagoya Grampus ta Japan wanda yawancin magoya baya ba su ma san sunansa ba, ya canza abincin 'yan wasa da atisaye da salon wasa, ya ci Firimiya da kofin FA a 1998, ya yi kakar 2003/04 wasa 38 ba a doke shi ba. Yau in yaro ya ce maka Arsenal an san ta da ƙwallo mai kyau, Wenger yake nufi. Da an tsaya kan sai ɗan gida da ba a ga wannan ba. Shi kansa Cruyff ai daga Ajax ya ɗauko tunanin.

Manchester United su ne darasin da ya fi kowanne a wurina, saboda sun yi kuskuren ta kowane ɓangare. Da Ferguson ya yi ritaya a 2013 sai aka nemo wanda ya yi kama da shi, ɗan Sukotland, mai haƙuri, ya yi shekara 11 a Everton, aka ba Moyes kwantiragin shekara shida, bai cika shekara ɗaya ba. Kuma a daidai lokacin David Gill da ke gudanar da kulob ɗin shi ma ya sauka, mataimakan Ferguson irin su Phelan da Meulensteen su ma suka tafi, ka ga duk masu riƙe da sanin yadda gidan ke tafiya sun watse lokaci guda. Daga nan sai aka koma neman manyan sunaye, Van Gaal mai son riƙe ƙwallo, sai Mourinho mai son tsare gida da kai farmakin bazata, sai aka koma ɗan gida Solskjaer, kowa ya zo ya sayi nasa 'yan wasan, na gaba ya tarar da tarin mutanen da ba su dace da shi ba ga albashi mai nauyi. Kamar gini ne da kowane magini ke zuwa da nasa zanen. Kwatanta da Liverpool, Klopp ya sanar da tafiyarsa tun Janairun 2024, suka zauna suka nemo wanda salonsa bai yi nisa da 'yan wasan da ke ƙasa ba, suka ɗauko Slot daga Feyenoord, mutumin da ba shi da wata alaƙa da kulob ɗin, ya ci Firimiya a kakarsa ta farko kusan da 'yan wasan da ya gada.

Amma kada ɓangare na biyu su yi murna da wuri, wai duk mai cin kofi ya isa. Capello ya ciyo wa Real Madrid La Liga a 2007 bayan shekara huɗu ba su gan ta ba, cikin kwanaki aka kore shi don ba a son yadda yake wasa. Benitez da Everton suka ɗauka a 2021, mutumin da ya yi shekara shida a Liverpool, babbar abokiyar hamayyarsu, tun ranar farko da yawa daga cikin magoya baya ba su karɓe shi ba, da sakamako ya fara lalacewa babu mai tsaya masa, a Janairun 2022 ya tafi. Haƙurin magoya baya jari ne, koci yana buƙatarsa ranar da ya yi rashin nasara uku a jere, kuma tarihi ne ke yanke yawan wanda za a ba shi. Shugaban da ya yi biris da wannan ya ɗora wa kocinsa kaya tun kafin a busa usur.

To idan ni ne a teburin, tambayar farko ba ta sunan koci ba ce. Zan fara duba 'yan wasan da ke hannu da tsawon kwantiraginsu, saboda koci ɗaya ne, su kuwa sun haura ashirin, kuma ba za ka sayar da su a kasuwa ɗaya ba. Idan 'yan bayanka ba su da gudu kada ka kawo mai son tura su har tsakiyar fili, idan golanka bai iya wasa da ƙafa ba kada ka kawo mai son fara komai daga raga. Sai in tambaya waye ke sayen 'yan wasa, koci ko daraktan wasanni, don in koci ne to duk sallama sabon gini ne daga tushe. Sai kuma abin da kulob ɗin ba zai taɓa sassautawa a kai ba, misali Athletic Bilbao da ba sa ɗaukar ɗan wasa sai wanda ya fito ko ya tashi a yankin Basque, amma ka lura ko su ba su ɗora wannan sharaɗin a kan koci ba, Bielsa ɗan Ajantina ya kai su wasan ƙarshe na Europa a 2012.

Tsohon ɗan wasan naku kuwa a saka shi cikin jerin, a yi masa tambayoyin da za a yi wa kowa: ina ya koyar, me ya yi da ƙaramar ƙungiya, ya yake gyara wasa in an fara cinsa, su wa zai zo da su a benci. In ya amsa daidai da baƙon to a ba shi, don yana da ƙarin sanin gida da goyon bayan jama'a. In kuwa bai kai ba, a ba shi mataimaki ko ƙungiyar matasa ya fara daga can, kamar yadda Zidane ya zauna a bencin Ancelotti ya kuma riƙe Castilla, ƙaramar ƙungiyar Real Madrid, kafin a miƙa masa manyan a Janairun 2016.