Tambaya da Amsa: In rage farashin kayan mota a takarda don in tsira daga kuɗin fito?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Alhaji. Daga Tudun Wada nake, nan Kaduna. Famfon birkin ABS na motata ya mutu, bakanikena ya zagaya Ori Apata da Panteka bai samu wanda ya kwanta masa a rai ba. Na samu sabo a wani shagon intanet a Amurka kan dala 420, kuɗin aikowa dala 110. Na ji an ce yanzu kayan da ba su wuce dala 300 ba kwastam ba sa karɓar komai a kansu. Wani abokina ya ce in roƙi mai shagon ya rubuta dala 250 a takardar ciniki, ko ya rubuta cewa kyauta ce, wai kowa haka yake yi. Bashi na ci na haɗa kuɗin nan, kuma da motar nake neman abinci. Tsorona kada kayan su maƙale a Legas in yi biyu babu. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya rufa asiri. Ka kwantar da hankalinka, kayanka ba za su maƙale ba muddin takardarsu gaskiya ce. Abin da zai maƙale da su shi ne shawarar abokin nan naka.

Maganar dala 300 gaskiya ce. Hukumar Kwastam ta fara aiki da ita a watan Satumba na 2025: ƙananan kaya da aka aiko ta kamfanonin aike ko suka shigo a jakar matafiyi, in darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, ba a biyan kuɗin fito. Amma sau huɗu kawai aka yarje wa mutum a shekara, kuma rangwamen bai shafi kayan da aka haramta shigowa da su ba. Naka dala 420 ne tun kafin a sa kuɗin jirgi, don haka babu ruwanka da wannan rangwame.

To nawa za ka biya? Ka san ana lissafi ne a kan CIF, wato kuɗin kaya haɗe da na jigila da inshora, naka ya kama dala 530. Jadawalin fito na ECOWAS matakai biyar ne: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma lambar HS ta kayan, wato lambar da kwastam ke rarraba kaya rukuni-rukuni da ita, ita ce ke nuna inda suka faɗa. Yawancin safaya suna ƙarƙashin lamba 8708, amma inji da batir da taya kowanne da lambarsa daban. Mu ƙaddara, don misali, naka ya faɗa a kashi 10. Fito ya zama dala 53. A sa rabin kashi ɗaya na ECOWAS da sauran ƙananan caji, sannan a ɗora VAT kashi 7.5 a kan jimillar duka, wajen dala 44 ke nan. Gaba ɗaya za ka tashi a tsakanin dala 100 da 120, a canja zuwa naira da farashin da kwastam ke aiki da shi ranar da aka yi lissafin, ba na 'yan canji ba. Cajin da ake ɗorawa a kan FOB, wato kuɗin kaya ba tare da na jigila da inshora ba, ya sha canzawa a 2025, shi ya sa na ba ka tazara. Kamfanin aiken ma zai caje ka ladan fitar da kaya. Wannan kuɗinsu ne, ba na gwamnati ba, ka sa su raba maka biyun a rubuce.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna, domin kusan kullum sai wani ya shigo ofis da wannan magana ta “a rage takarda”. Mutanenmu sun ɗauka jami'in kwastam abin da ya gani a takarda shi zai bi ido rufe. Ba haka ba ne. Doka ta ce a fara da farashin da aka saya, amma in jami'i ya yi shakka yana da ikon ya ajiye takardarka gefe, ya duba farashin irin kayan da aka shigo da su a baya. Famfon nan yana da lamba a jikinsa. Wayar da ka duba ka ga dala 420, irinta ce a hannun jami'in, kuma shi aikinsa ke nan tun safe har yamma. Da ya ga 250, abu na farko zai ce ka kawo shaidar biya daga banki. Me za ka nuna masa? Katinka ya nuna 530. Daga nan ka tashi daga mai shigo da kaya ka koma wanda ya yi wa hukuma ƙarya a rubuce, kuma dokar kwastam ta 2023 ta tanadi hukunci a kan haka, daga tara har zuwa ƙwace kaya. In an sassauta maka, a buga maka DN, wato takardar neman cikon kuɗin fito, ka biya cikon, bayan kayan sun yi makonni a ajiye, kuɗin ajiya yana hawa, motarka tana jibge a gareji ba ta kawo ko sisi. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Akwai kuma ɓangaren da abokinka bai faɗa maka ba. In kwalin ya ɓata a hanya ko ya iso a fashe, kamfanin aike ba zai duba abin da ka biya a zahiri ba, abin da aka rubuta zai duba. Ka rubuta 250, da bakinka ka yafe 170. In kuma famfon ya zo bai dace da motarka ba kana son mayarwa, takardar ƙaryar nan ce a hannunka. Saboda dala ɗari kana jefa dala ɗari biyar da talatin na bashi cikin haɗari.

Ita kuwa kalmar “kyauta”, ban san wanda ya fara yaɗa ta ba, amma ta cuci jama'a. Kwastam darajar kaya suke kallo, ba yadda ka same su ba. Ko yayanka ne da ke Ingila ya saya maka don Allah, in darajar ta wuce ƙa'ida za a biya fito. Haka masu cewa a raba oda gida biyu ko uku, kowanne ya zo ƙasa da 300. Suna ɗaya, adireshi ɗaya, shago ɗaya, mako ɗaya, wa kake ɓoye wa? Ƙa'idar sau huɗu a shekara ai don irin wannan aka sa ta. Kuma famfo guda ta yaya za a raba shi?

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne ejan-ejan na WhatsApp da TikTok, marasa lasisi, marasa ofis, masu cewa “turo kuɗi asusuna, ina da mutum a ciki”. Kuɗin fito ba ya shiga asusun mutum. Ana fitar da takardar lissafi, a biya ta banki, a ba ka rasit mai lamba. Duk wanda ya kasa nuna maka waɗannan biyun, ko dai bai biya ba, ko ya biya kaɗan ya cinye saura. Kuma mu nan Kaduna ya kamata mu fi kowa sani, tunda hedikwatar rundunar sintiri ta kwastam ta shiyya ta B a garin nan take, motocinsu suna kan hanyoyin Arewa dare da rana. Ranar da aka tare kayan, ejan ɗin ya kashe waya, sunanka ne a jikin kwali. Ni dai ban ga yadda mutum zai nemi halal da mota ba, alhali ya sa wani ɗan kasuwa a wata ƙasa ya rubuta masa ƙarya, ya kuma sa hannu a kai. “Kowa haka yake yi” ba hujja ba ce a gaban jami'i, balle a gaban Allah.

Abin da za ka yi kaɗan ne. Kafin ka biya, ka tura wa mai shagon lambar shasin motarka ya tabbatar famfon nata ne. Ka ce ya rubuta farashi na gaskiya, da cikakken sunan kayan da lambarsu, kada ya rubuta “kayan mota” kawai, domin irin wannan rubutu shi ke sa a buɗe kwali a jefa shi a layin da ya fi tsada. Ka adana shaidar biyanka ta banki, ka ware kwatankwacin dala 120 da ladan kamfanin aike. In ta masu kago za ka bi, waɗanda ke caji da kilo, ka tambaye su ƙarara ko fito na cikin kuɗin. Kada kuma wani ya ce ka cika kwalin da tsofaffin tayoyi don jigila ta yi sauƙi, suna cikin jerin haramtattun kaya, za su ja wa famfon naka.

In wata rana harkar ta girma ka fara kawo safaya don sayarwa, wannan wani babi ne: Form M (takardar bayyana kayan da za ka shigo da su) ta bankinka da shaidar SONCAP (ta ingancin kaya) kafin kaya su taso, sai PAAR (rahoton ƙiyasin kwastam) kafin su iso. A lokacin kana iya sa a kawo kwantenarka tashar tsandauri ta Kakuri, wadda aka buɗe a Janairun 2018, a duba ta nan gida maimakon zaryar tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas.