GRE yanzu ko sai ka samu aiki?

Ƙanena, in na fahimce ka, kana bautar ƙasa a Katsina, kana son digiri na 2 a waje, shi ne kake tambaya ko ka rubuta GRE (jarrabawar lissafi da Turanci da wasu jami'o'in waje ke nema kafin su ɗauke ka) yanzu ko ka bari sai ka yi aiki tukuna.

Ni dai a ganina rubuta ta yanzu. Sakamakon GRE da GMAT (irinta ce, ta masu karatun kasuwanci) shekara 5 yake yi kafin ya daina aiki, kuma lissafin bai gudu daga kanka ba, gashi bautar ƙasa akwai sarari, ka tashi daga makarantar da aka tura ka da azahar, ka yi la'asar ka zauna da littafi. In ka fara aikin banki wallahi sai bayan isha'i za ka ga gida.

Amma kar ka taɓa IELTS ko TOEFL (jarrabawar iya Turanci) tukuna, su shekara 2 kawai suke yi, mutane da yawa nan suke asarar kuɗi.

Maganar aiki kuma ya danganta. Makarantun MBA (digiri na 2 a harkar kasuwanci) kusan duka suna son ka yi aiki na wasu shekaru, tallafin karatu na Chevening na Birtaniya ma sai da aikin shekara 2. Fannin kimiyya ko injiniya kam yawanci ba dole.

Makarantun Amurka da yawa Disamba ko Janairu suke rufe karɓar takardun neman gurbi, to ka rubuta GRE ɗin da wuri ko da za ka maimaita, sai kwana 21 tsakani. Transkirif (takardar sakamakonka na jami'a) ma ka nema tun yanzu, yana jan ƙafa.

Kafin ka biya ko sisi ka duba shafin sashen da kake so ko ka tura masu imel, wasu sun daina neman GRE ɗin ma. Wajen neman shawara, malaminka da ya yi karatu waje ya fi ejan ɗin da ke nema wa mutane makaranta.