Yadda ake sanin tsawon rafta tun daga ƙasa

Ka tambaye ni, "Maigida, ya kake sanin tsawon rafta alhali ba a ɗora ko katako ɗaya a kan ginin ba, balle a ja tef?" To, ɗauko fensir da guntun katako ka matso, yaro.

Dubi rabin rufi kawai. Akwai katakon da ke kwance daga bango zuwa tsakiyar ɗaki, akwai wanda ke tsaye a tsakiyar, sai rafta ta kishingiɗa ta haɗa bakinsu. Inda na kwance ya sadu da na tsaye sukwaya ce, digiri 90. Muddin haka ne, in ka san biyu, na ukun ba ya ɓuya.

Mu ce faɗin gini ƙafa 20 ne. Rabinsa 10. Mai gida yana son tsinin rufin ya tashi ƙafa 6. Kada ka ce 10 da 6 sha shida, ka je ka yanko ƙafa 16. Rafta yanke take yi, ba ta bin kwana. Abin da za ka yi shi ne 10 sau 10, 100. Sai 6 sau 6, 36. Haɗa su, 136. Yanzu tambayi kanka, wace lamba ce in ka buga ta sau kanta za ta ba ka 136? Ita ce sukwaya rut, wannan alamar √ da ke cikin kalkuletar wayarka. Danna ta, za ka ga 11.66.

A nan yara da yawa ke kwafsawa. 11.66 ba ƙafa 11 da inci 6 ba ne. Kalkuleta goma-goma take raba ƙafa, tef ɗinmu kuwa inci 12 ne a ƙafa. Ɗauki 0.66 ɗin ka buga sau 12, ya ba ka kusan 8. Raftarka ƙafa 11 da inci 8 ce. Wanda ya yanka a inci 6 ya ci inci biyu, kuma katako in ya gaza ba a ja shi ya ƙaru.

In waya ta mutu fa? Lalube za ka yi. 11 sau 11, 121, ya yi kaɗan. 12 sau 12, 144, ya wuce. Gwada 11.5, ka sami 132.25, da saura. Gwada 11.7, ka sami 136.89, ya ɗan gota. Ka ga amsar tana dab da 11.7 daga ƙasa, kuma wannan ya ishi kafinta.

Amma wannan awon daga tsini zuwa kan bango ne kawai. Sai ka ƙara abin da zai leƙo waje don ruwan Agusta kada ya riƙa dukan bango, mu ce ƙafa 2. Ya zama ƙafa 13 da inci 8. Katakon da aka fi samu a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano kuwa mai ƙafa 12 ne, ka ga dole a yi haɗi. Gara ka san haka kafin ka rubuta wa mai aiki lissafin kaya, da ka dawo kana ce masa a ƙaro. Da wannan awon ne kuma za ka san kwano nawa zai sauko daga sama zuwa ƙasa.

Ana kuma juya shi. Idan doguwar ka sani, ɗebewa ake yi maimakon haɗawa. Rafta mai ƙafa 13 a kan rabin faɗi 12: 169 a cire 144, saura 25, rut ɗinsa 5. Na tsaye ƙafa 5 ke nan.

'Yan makaranta suna jingina wannan ga Fitagoras, wani Bagirke da ya rayu shekara 2,500 da suka wuce, ko da yake mutanen Babila sun san shi fiye da shekara 1,000 kafin a haife shi. Birkilolin da ke jan igiya a fandisho suna cewa uku, huɗu, biyar, shi suke yi: 9 da 16 sun ba da 25.

Sharaɗin dai ɗaya ne, kwanar ta zama sukwaya da gaske. Ni ban yarda da bangon kowa ba sai na gwada. Ɗaki mai 12 da 16, ja tef daga kwana zuwa kwanar da ke fuskantarta, dole ka ga 20, ta ɗaya ɓangaren ma 20. In ɗaya ta fi ɗaya, ginin ya karkace, to kowace rafta auna faɗin wurinta daban kafin ka ɗora zarto.

Ga naka: faɗi ƙafa 24, tashi ƙafa 7. Kawo min amsa a ƙafa da inci kafin la'asar.