Lamba mai rabuwa da malala gashin tinkiya

Wani ɗalibin lissafi ya aiko da tambaya: "Malam, an ba mu 4,294,967,297, aka ce ba ta cikin lambobin nan da babu mai raba su sai ɗaya da su kansu. Me za mu kira irinta da Hausa? Kuma ya halatta in ce mata malala gashin tinkiya?"

Bari in fara da ta biyun, don ta fi sauƙi. A'a, ɗana. Malala gashin tinkiya ana faɗinsa ne idan ƙirga ta gagara, wa zai zauna ya ƙidaya gashin tinkiya? Taka kuwa tana ƙirguwa: biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Miliyan da biliyan aro ne; mutanen da kuwa suna da zambar, sukan ce zambar goma a maimakon dubu goma.

Ka lura na ce "ƙirguwa", a nan amsar tambayarka ta farko take. Hausa tana da siffar aikatau mai ƙarewa da wasalin u, wadda ke nuna abu ya karɓi aikin da aka yi masa: a gyara ya gyaru, a ɗinka ya ɗinku, a raba ya rabu. Idan aka ce "yana gyaruwa", ana nufin gyaransa mai yiwuwa ne. Saboda haka ni "lamba mai rabuwa" nake cewa, kishiyarta kuma "marar rabuwa", irin su 7 da 13. Ban ga dalilin zuwa aro ba alhali kalmar tana cikin gida. Sai dai kada ka rikita wannan da cika da mara. Tara mara ce, ba ta rabuwa gida biyu daidai, amma uku tana raba ta ba saura.

Lambar taka ma mara ce, kuma ta taɓa yaudarar babban gwani. Ka jera biyu guda 32, ka ninka su da juna, ka ƙara ɗaya, ita za ka samu. A 1640 Pierre de Fermat, Bafaranshe, ya dubi 'yan uwanta biyar da suka gabace ta, wato 3 da 5 da 17 da 257 da 65,537, waɗanda ake samu ta wannan hanyar idan an jera biyu guda 1 ko 2 ko 4 ko 8 ko 16, ya ga babu mai rabuwa a cikinsu, sai ya zaci duk dangin haka suke. Nan ne karin maganar nan ta zauna daram: kama da wane ba ta wane. "Wane" kalma ce da muke sakaya sunan mutum da ita, maganar kuma jan kunne ce ga mai yanke hukunci da kamanni.

Sai a 1732 wani gwanin lissafin, Leonhard Euler, ya tona asirinta, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ne. Ɗauki biro ka gwada, ba ya cin minti biyar. Waɗannan biyun kuwa duk marasa rabuwa ne, daga su rabuwar ta tsaya. Euler ya kuma tabbatar da cewa duk lambar da za ta raba wannan dole ta zama ninkin 64 da ɗaya a kai, ga shi kuwa 641 ita ce 64 sau goma da ɗaya. Kenan ba sai an bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ana lalube ba.

 Daga zamanin Euler zuwa yau, da kwamfuta da komai, ba a sake samun marar rabuwa ko guda a dangin Fermat ba bayan 65,537.