Amsar tambayarka kan gidan yari a zamanin Turawa

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka tambaya ko gaskiya ne a da gidan yari na sarki ne, kuma wa ke hukunta ganduroba idan ya ci zalin ɗaurarre. Tun da aikin ganduroba ka nufa, gara ka san tushensa.

Gaskiya ne. Kafin zuwan Turawa, kurkuku na hannun sarki, yari ke riƙe da shi, dogarai na kamo masu laifi. Ɗauri kuwa ba shi ne babban hukunci ba. Galibi wurin ajiye mutum ne kafin alƙali ya yanke magana. Ciyarwa ma yawanci tana kan dangi. Nan ne asalin al'adar nan da kake gani har yau, uwa ta ɗauko kwanon tuwo ta tsaya a ƙofa, mai gadi ya tsokana shi da cokali ya duba ko an ɓoye wani abu a ciki.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, Lugga, shugaban mulkinsu a Arewa, ya rubuta munin kurkukun da ya tarar: ɗakuna biyu ƙanana, babu iska, an cusa mutane fiye da ɗari. Na yarda akwai zalunci a wurin, amma ka riƙa tunawa wanda ya ci gari da yaƙi yana da buƙatar baƙanta wanda ya kayar. Kuma bai rushe tsarin ba. Ya bar wa sarakuna gidajen yarinsu a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, gwamnati ta buɗe nata daban, kamar na Kaduna. Bayan an haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka yi dokar gidajen yari ta 1916, ƙa'idojinta suka biyo a 1917, suka ba Gwamna ikon tsara abinci, sutura, aiki da horon ma'aikata.

Abin da ya sauya rayuwar ganduroban En'e shi ne baitulmali, wato asusun En'e. Da aka fara biyansa albashi, sai aka sami abin da za a riƙe shi da shi. A ci shi tara daga albashinsa, a rage masa muƙami, ko a tuɓe masa kaki a sallame shi. Di'o, Baturen da ke kula da gunduma, yana shiga ya ƙirga ɗaurarru, ya buɗe littafin rajista, ya ga ko lissafi ya yi daidai. Likita ya duba abinci da rijiya. Rahoto ya tafi wurin Razdan, Baturen da ke shugabantar lardi.

To, ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Laifuffukan da aka fi tsananta wa ganduroba a kansu su ne barci a bakin aiki, maye, shigo da taba ko wasiƙa a ɓoye, karɓar kuɗi daga dangin ɗaurarre, sai babbansu, barin mutum ya tsere. Wannan na ƙarshe yana iya kai shi kansa gaban alƙali. Duka waɗannan asarar hukuma ce. Ɗaurarru ne ke share tituna, su nome ciyawar bariki, su kwashe bahaya, don haka guda ɗaya in ya ɓace an yi rashin ma'aikaci. Dukan ɗaurarre ba bisa ƙa'ida ba shi ma haramun ne a takarda, amma wa zai kai ƙara? Mutumin da ke kwana a hannun wanda ya dake shi ba zai buɗe baki a gaban Bature ba, alhali ya san Bature zai hau dokinsa ya tafi, shi kuwa yari yana nan. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya har yanzu.

Makarantar horar da ganduroba ma ba a buɗe ta ba sai 1947, a Inugu. Kafin nan mutum a bakin aiki yake koyo, ya ɗauki halin wanda ya tarar, mai kyau ko mummuna.

A shekarun 1950 da siyasa ta yi zafi, ɓarnar ta fito fili. Kotu ta En'e, ɗan doka na En'e, gidan yari na En'e, sai 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka sha ɗauri, har da Hajiya Gambo Sawaba wadda aka ɗaure sau da yawa. Irin waɗannan koke-koke na cikin dalilan da suka sa gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e a 1968, aka yi musu doka guda a 1972.

Idan sun kira ka horo, ka nemi littafin ƙa'idojin aikin ka karanta sashen haƙƙin ɗaurarre da kanka, kada ka tsaya ga abin da tsofaffin ma'aikata za su gaya maka. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.